Darasi na 9: Haruffa masu takalmi

Ku ɗauko jarida ko littafin makaranta na 'ya'yanku, ku matsa inda akwai haske, ku ƙura wa harafin T ido. A yawancin littattafai za ku ga ɗan gajeren layi kwance a gindinsa, kamar ya sa takalmi, da wasu ƙananan ƙawa a hannuwansa biyu. Wannan ƙawar masu ɗab'i suke kira serif. Mu a wannan aji za mu riƙa cewa takalmi.

Abin ya daɗe. Tun zamanin Rumawa masu sassaƙa rubutu a dutse suke gama ƙarshen harafi da irin wannan layi. Ɗaya daga cikin samfuran haruffa masu takalmi da suka fi yaɗuwa a yau shi ne Times New Roman, wanda aka tsara domin jaridar The Times ta birnin Landan, aka fara bugawa da shi a 1932. Takardun ofis da yawa da shi ake buga su.

Ga amfaninsa gare mu masu koyo. Ku rubuta sunan garin Illela a waya. A wayoyi da yawa haruffa ba su da takalmi, sai ku ga sanduna uku a jere, ba a gane wanne ne babban I, wanne ne ƙaramin l. Na sha ganin dattijo ya tsaya cak a kan sunan Iliya, kuma ba laifinsa ba ne. A haruffa masu takalmi kuwa, babban I yana da layi sama da ƙasa, ƙaramin l kuma ɗan baki ne ta hagu a samansa. Nan take ido ya raba su.

Amma akwai wurin da nake so mu yi hattara sosai. Takalmi ado ne, ba ya canja sauti. Ƙugiya ita ce mai canja magana, wato lanƙwasar da ke kan ɓ, ɗ da ƙ. Baki daban, baƙi daban. Da daban, ɗa daban. Wanda ya ce bari bai ce ɓari ba. Ƙaramin d na littafi yana da ɗan baki a samansa ta hagu, shi ya sa sabon mai karatu kan ɗauka ɗ ne. Ku duba da kyau: ƙugiyar ɗ tana lanƙwasowa ta dama, kamar kan sandar makiyayi.

Haka kuma harafin a da harafin g na littafi ba su kama da waɗanda muke rubutawa a allo. Kada su ruɗa ku, su ne dai. Idan kuna rubutu da hannu ba sai kun zana takalmi ba, amma ƙugiya dole ce.

Aikin gida: ku nemo kwalin magani da shafin jarida guda. Ku gano wanne ne mai takalmi. Sannan ku ja layi a ƙarƙashin kalmomi biyar masu ƙugiya, ku zo da su gobe mu karanta tare.