Yadda ake kallon giwaye a Yankari ba tare da an tsokane su ba

Giwayen Yankari ba sa zaman jiran baƙo. Faɗin dajin ya kai murabba'in kilomita 2,244, don haka wanda ya je da damina, ciyawa ta rufe ko'ina, ruwa ya kwanta a kowane kwari, sai ya gama yawonsa bai ga ko sawunsu ba. Lokacin zuwa shi ne daga Fabrairu zuwa Afrilu, sa'ad da tafkuna suka ƙafe, namun daji suka tattaru a bakin kogin Gaji.

Daga Bauchi a kama hanyar Gombe, a ratse a Dindima, a shiga ta ƙofar Mainamaji. Daga nan zuwa sansanin Wikki akwai sauran fiye da kilomita 40, saboda haka a cika tanki tun daga gari. Ba a shiga dajin sai da ɗan rakiya daga ma'aikatan gandun, kuma fita biyu ce mai amfani: da sassafe, ko bayan la'asar. Da rana tsaka giwa na can cikin duhuwa tana shan inuwa. A guji shuɗin kaya da baƙi, su ne ke jawo ƙudan tsando, kuma cizonsa na huda riga marar kauri.

Kashi mai danshi da reshen da aka karya bai bushe ba, alama ce garke na kusa. In an hango su, direba ya tsaya aƙalla mita 50 nesa, ya juya hancin mota inda zai iya ficewa ba sai ya yi ribas ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne tsayawa a kan turbar da suke bi zuwa ruwa, ko shiga tsakanin uwa da ɗanta. Ban da hon, ban da miƙewa tsaye, ban da sauka don ɗaukar hoto. Giwa ba ta da kaifin gani, amma hancinta da kunnenta ba sa kuskure.

Sai a sa ido a kan kunnuwa. Kaɗa su a hankali fifita ce kawai, zafi take ji. In ta baza su, ta ɗaga kai tana girgizawa, ta yi ƙara tana watsa ƙura, gargaɗi ne, a ja da baya sannu a hankali. Wadda ta lafe kunnuwa, ta naɗe hanci, ta sunkuyar da kai ta taho shiru, wannan da gaske take, a bar wurin nan take. Toron giwa da ruwa ke tsiyaya tsakanin idonsa da kunnensa, fitsari na ɗiga a ƙafafunsa na baya, yana cikin lokacin sha'awar barbara ne, faɗa yake nema. A ninka masa tazara.

A sansanin kuwa, fitinar ba ta giwa ba ce, ta bika ce. Sun saba da mutane har sun san leda, suna fizge ta daga hannu, suna shiga ɗakin da aka bari a buɗe. Masu jefa musu biskit ne suka ɓata su. A kulle ƙofa da taga, a sa abinci cikin jaka mai zif, kuma in za a gangara wanka a ruwan ɗumi na Wikki, mutum ɗaya ya zauna gadin kaya.