Babi na Tara: Aika Saƙon Tes Zuwa Waya Daga Kwamfuta

A babin baya kowa ya buɗe adireshin imel na Gmail. To, akwai masu rubuta lambar wayar mutum a gurbin adireshin imel, su danna aikawa, su zauna jiran amsa. Saƙon ba zai je ba, domin imel adireshi yake so mai alamar @ a tsakiya. A Amurka kamfanonin waya sun daɗe da wata hanya ta haɗa biyun: mai layin Verizon, sai a rubuta lambarsa goma a bi ta da @vtext.com. Can ɗin ma hanyar tana ja da baya, kamfanin AT&T ya rufe tasa a watan Yuni na 2025. Mu wata hanyar za mu bi, kuma Gmail ɗin nan naku shi ne mabuɗinta.

Darasi na Ɗaya: Haɗa waya da kwamfuta

Ana buƙatar wayar Android mai manhajar Google Messages, da data, da kuɗi a layi. Kwamfuta rubutu kawai take yi, wayarka ce ke aika saƙon, kuma a layinka za a cire kuɗin. Saboda haka kada ka kashe wayar.

Buɗe Chrome a kwamfuta. A dogon gurbin da ke can sama rubuta messages.google.com/web, ba tazara ko ɗaya, sannan ka danna babban maɓallin Enter. Shigar da adireshin Gmail ɗinka da kalmar sirri, wanda yake kan wayarka, ba na ɗanka ko na maƙwabci ba. Kwamfuta za ta nuna wani ɗan hoto. Ɗauki wayarka ka buɗe Google Messages, ka taɓa hoton da ya yi daidai da na kwamfuta. Idan ka ga tsofaffin saƙonninka sun bayyana a hagu, aiki ya yi. Madalla.

Darasi na Biyu: Rubuta lamba

A nan ne aka fi tuntuɓe, don haka a nutsu. Kai linzami kan Start chat ka latsa sau ɗaya. Gurbi zai buɗe, a nan za ka rubuta lambar.

Lambar wayar Najeriya guda 11 ce, kuma da sifili take farawa, kamar 0803 da sauran bakwai. Sifili lamba ce. Tana jerin sama na madannai, bayan 9. Harafin O yana jerin da ke ƙasa da shi, tsakanin I da P. Sun yi kama a ido, amma kwamfuta ba ta ɗaukar ɗaya a madadin ɗaya. Ɗora yatsa kan 9. Matsa dama sau ɗaya. Wannan ne sifili. Ɗaga yatsan ka sake. Baba, ba abin kunya ba ne a yi sau goma, hannun da ya saba da fartanya ko keken ɗinki zai saba da wannan ma.

Ka gama rubutawa? Kada ka ci gaba tukuna. Sa yatsa a fuskar kwamfuta ka ƙirga da ƙarfi, ɗaya har goma sha ɗaya. In goma ka samu, ka tsallake wata. In sha biyu ne, yatsanka ya daɗe a kan maɓalli. Goge ka sake.

Idan da +234 ka fara, sifilin farko ya fita: +234803 da sauran bakwai. Ko sifili, ko +234, ba a haɗa su. Mai aika wa ɗan'uwa a Maraɗi ko Damagaram zai rubuta +227 da lambobi takwas. Na Kumasi kuwa +233, shi ma a cire sifilin farko.

Yanzu koma kan sifilin. Na bayan 9 ne ka danna? Duba. Hajiya, ke ma duba naki. Haba jama'a, wannan fa an faɗa an maimaita, amma kullum sai an samu mai danna O ya ce kwamfuta ta lalace. Kwamfuta lafiyarta ƙalau, gaggawa ce ta yi yawa. Lamba ɗaya in ta kauce, maganar gidanka ta tafi wayar baƙo, kuma tes ba ya dawowa. Ƙirga kafin ka wuce.

Darasi na Uku: Rubuta saƙo

Rubuta a gurbin ƙasa, ka latsa kibiyar da ke dama. Tes ɗaya yana ɗaukar haruffa 160, har da tazara. In ka sa ƙ, ɗ ko ɓ masu lanƙwasa, yakan koma 70, abin da ya haura a caje shi a matsayin tes na biyu. Gwada da gajeren saƙo: Salamu alaikum, na iso lafiya.

Darasi na Huɗu: Fita

In a shagon kwamfuta ka yi, cire haɗin kafin ka tashi, in ba haka ba mai zama bayanka zai karanta saƙonninka. A wayarka buɗe Google Messages, shiga Device pairing (wurin haɗa waya da kwamfuta) ka cire kwamfutar, sannan ka fita daga Gmail a kwamfutar shagon.

Aikin gida: aika tes uku.