Kurakuran da muke yi a kashi na biyu na fim ɗin ban tsoro, da yadda za a gyara su

Sana'ata editin, wato yanka bidiyo da haɗa shi. Ina da ɗan shago a wajen Wunti, cikin garin Bauchi, kuma aikin biki da walima da tallan 'yan kasuwa ne ke ciyar da ni. Amma 'yan shekarun nan samari daga Yelwa da Gwallameji sun fara kawo mini wani aiki daban: gajerun fina-finan ban tsoro da suke ɗauka da kyamara ɗaya, wani lokaci ma da waya, su ɗora a YouTube. Kashi na farko yakan zo da ransa, ko da hoton bai fita tas ba. Ina zaune ni kaɗai da dare ina yanka shi, sai in ji tsigar jikina ta tashi har in waiga baya. Kashi na biyu kuwa, an ƙara kuɗi, an aro kyamara mai kyau, an ƙaro 'yan wasa, amma in gama aikinsa ko gezau. Abin yana damuna ƙwarai, domin yaran nan suna da basira, kuma kuɗin da suke zubawa na guminsu ne.

Kashi na biyu magaji ne, ya gaji dukiya ya kuma gaji bashi. Dukiyar ita ce mai kallo ya riga ya san gidan, ya san mutanen, yana tausayin wadda ta tsira. Da ya hango ƙofar ɗakin nan gabansa zai faɗi tun kafin komai ya motsa, ba sai ka ɓata minti ashirin kana gabatar da kowa ba. Bashin kuwa shi ne asiri ya riga ya tonu. An ce rashin sani ya fi dare duhu, to wannan duhun shi ne jarin mai fim ɗin tsoro, kuma ka kashe mafi yawansa a kashi na farko. Kusan duk kuskuren da zan ambata daga nan ya samo tushe: mutum ya manta jarinsa ya ragu, ya ci gaba da kashewa.

Wanda na fi gani shi ne fito da dodo fili. Wani yaro ya kawo mini kashi na biyu na labarin wata aljana da ke zaune a tsohuwar rijiya. A na farko ba a taɓa ganinta ba, sai dai a ji guga yana karo da bangon rijiya cikin dare, a wayi gari a tarar da sawun ƙafa a jiƙe har bakin ɗakin amarya. A na biyu sai ga ta tun minti na uku, an shafe ta da farar hoda, an sa mata jan ido na kwamfuta, tana ta dariya. Ya ce mini, "Yaya, wancan karon ba mu da kuɗin kwalliya ne shi ya sa muka ɓoye ta. Yanzu mun samu mai yi mana." Na ce masa, "Ƙanena, ai rashin kuɗin nan shi ya yi maka fim."

Manyan duniya ma ta wannan hanyar suka koya. Lokacin da Steven Spielberg yake ɗaukar Jaws, fim ɗin wani ƙaton kifi mai cin mutane wanda ya fito a 1975, kifin ƙarfen da aka ƙera masa ya yi ta lalacewa a cikin ruwan gishiri. Dole ta sa ya riƙa nuna zuwansa da kiɗa da wasu durom-durom masu launin rawaya da ke yawo a saman teku, kuma wannan ɓoyewar ce ta hana mutane sukuni. Gyaran a wurinka mai sauƙi ne: nuna ɓarna, ɓoye mai ɓarnar. Akuyar da ta toge ta ƙi shiga gida, tabarmar da aka shimfiɗa aka dawo aka tarar a naɗe, jaririn da ya ƙura wa kusurwa ido yana murmushi. In ya zama dole a gan ta, a gan ta sau ɗaya, can kusa da ƙarshe, kuma wani ɓangare kawai. Dukkanmu mun tashi da labarin kyakkyawar macen da aka rage wa hanya da dare, mai mota ya kalli ƙasa ya ga kofato. Kofaton kaɗai ya wadatar.

Ƙanin wannan kuskuren shi ne yawan bayani. Sai a zaunar da wata tsohuwa ko wani boka minti goma yana ba da tarihin aljanar tun daga kakanninta. Marubuci yana ganin ya zurfafa labari, alhali fitila ya kunna a ɗakin da ya kamata ya zauna cikin duhu. A fim ɗin Halloween na 1978 babu wanda ya san dalilin da ya sa makashin yake bin jarumar fim ɗin, kuma shi ya sa kowane mai kallo yake jin zai iya zama shi. Kashi na biyu na 1981 ya zo ya ce ai ƙanwarsa ce. Nan take abin ya koma rikicin gida guda. Da aka dawo da labarin a 2018, masu shi sun share wannan bayanin gaba ɗaya, suka ɗora kai tsaye daga na farko. Shawarata: amsa tambaya ɗaya daga cikin waɗanda na farko ya bari, kuma amsar ta haifi wata tambayar da ta fi ta nauyi. In an gano wanda ya haƙa rijiyar, a bar mu da tambayar me ya sa uwar gidan ta hana a cike ta.

Yanzu ga wanda ya fi shafar mu nan, wanda Bature bai cika fama da shi ba. Yawancin fina-finanmu na tsoro da addu'a suke ƙarewa. An kira malam, an yi ruƙiyya, aljani ya yi ihu ya yi rantsuwa ya fita, an yi hamdala. Da kyau. Sai kashi na biyu ya buɗe, ga shi ya dawo, babu dalili ko ɗaya sai don na farko ya samu masu kallo. Mai kallonmu musulmi ne mai karanta Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi kafin ya kwanta, kuma abin da ka gaya masa ba da saninka ba shi ne addu'ar ba ta yi aiki ba. Ba zai yarda da kai ba, kuma da gaskiyarsa. Ko bai furta ba, zuciyarsa ta bar fim ɗin.

Maganin wannan shi ne dawowar ta biyo ta hannun ɗan Adam. Wani ne ya sake buɗe ƙofar. Kishiyar da ta koma wurin boka bayan an yi mata nasiha. Magajin da ya sayar da gidan gado bai gaya wa mai saye abin da ke ciki ba. Ɗan kwangilar da ya sare tsamiyar da dattawan unguwa suka ce a bari. Ko kuma a nuna cewa wanda aka kora a na farko ɗan aike ne kawai, wanda ya aiko shi yana nan, kuma mutum ne da ake cin abinci kwano ɗaya da shi. Ka ga a nan tsoron ya sauya mazauni, ya tashi daga bakin rijiya ya shigo tsakar gida, kuma ka samu sabon duhun da kake nema. Sannan don Allah, duk inda za a karanta aya a fim, a nemi wanda ya iya ya saurara kafin a ɗauka. Na sha mayar da aiki saboda an karya karatu, kuma wannan abu ne da ba na iya gyarawa a kwamfuta.

Tunda na taɓo maganar mugu a cikin gida, bari in ja kunne kan abu ɗaya. Ku daina ɗauko tsohuwa talaka mai zaman kanta ku ce ita ce mayya. Hanya ce mai arha ga marubuci, amma a garuruwanmu zargin maita yana raba tsofaffi da gidajensu, wani lokaci har da rayukansu. Yaran da ke kallon fim ɗinka a waya suna da irin wannan tsohuwar a layinsu.

Sai maganar wanda ya tsira. A nan ne ƙarfin kashi na biyu yake, kuma a nan aka fi yin asara. Yarinyar da ta ga mutuwar mijinta da ƙawarta a na farko sai ta fito a na biyu tana hira tana dariya kamar daga biki ta dawo, har ta sake leƙa rijiyar nan ita kaɗai da magariba. Ba haka mutum yake ba. Wadda ta ga wannan abin ba za ta ƙara barci babu fitila ba. Za ta riƙa tofe 'ya'yanta da addu'a har su gaji, ba za ta zubar da ruwan zafi ba sai ta yi bismilla sau uku, manema za su janye domin unguwa ta sa mata suna mai aljanu, kuma ranar da ta ce abin ya dawo, danginta za su ce ciwonta ne ya tashi. Wannan kaɗai fim ne. Abin da James Cameron ya yi ke nan a Aliens na 1986, ci gaban Alien na 1979: matar da ta tsira ta dawo tana fama da mugayen mafarkai, waɗanda ta yi wa aiki sun ƙi gaskata ta, sannan aka ba ta wata ƙaramar yarinya marainiya da za ta kare. Wasan da Sigourney Weaver ta yi a wannan matsayin har ya kai ta cikin 'yan takarar kyautar Oscar. Ka ba wanda ya tsira tabo, ka ba shi wani abin da yake tsoron rasawa.

In kuwa jarumar ta yi aure ta bar fim, abin da ya saba faruwa a masana'antarmu, kada ka kawo wata fuskar ka kira ta da sunan waccan kamar ba mu da ido, kada kuma ka kashe ta da baki a jimla ɗaya. Miƙa labarin ga ƙanwarta ko ɗanta, wanda ya gaji abin da bai san asalinsa ba. Fim ɗin Living in Bondage na 'yan Kudu ya fito a 1992, kuma da Ramsey Nouah ya ba da umarnin ci gabansa a 2019, ta kan ɗan jarumin farko aka ɗora labarin.

Akwai kuma masu sake dafa tuwon jiya: gida ɗaya, firgita iri ɗaya, sai dai an ninka gawa da jini. Mai kallo ya riga ya haddace inda mage za ta faɗo. Kishiyarsu su ne masu watsar da duk abin da aka so na farko dominsa. The Blair Witch Project na 1999 ya yi suna ne saboda an ɗauke shi kamar bidiyon gaske na wasu ɗalibai da suka ɓace a daji, ba a kuma taɓa nuna mayyar ba. Aka yi gaggawar fito da na biyu a 2000, aka ajiye wancan salon, mutane suka juya masa baya. Tsakiyar ita ce ka riƙe dokokin ka sauya fili. In aljanarka ba ta fita sai bayan magariba, kuma ba ta ƙetare toka, to haka za ta zauna har abada, sai dai ka kai mutanenka inda dokar za ta yi musu wuyar bi: ɗakin kwanan ɗalibai, motar da ta lalace a gindin dutsen Zaranda, bakin dam ɗin Gubi da yamma ta yi. Bauchi ba ta rasa wuraren ɗauka ba, a dai nemi izini inda ake bukata.

Sauran ƙananan ne, amma suna kashe aiki. An ɗauki na farko cikin hunturu, hazo ko'ina, ciyawa ta bushe, aka ɗauki na biyu da damina, ganye shar, sannan labari ya ce washegari ne. Ko dai ka jira lokacin, ko ka rubuta cewa wata shida sun wuce. Ajiye kayan da 'yan wasa suka sa, ka ɗauki hoton ɗakin ta kowace kusurwa, ka adana ainihin bidiyon na farko a wuri biyu. Tunin abin da ya gabata kada ya wuce minti ɗaya, mai kallo da datarsa yake kallo. Kuma raba fim ɗaya gida biyu a kira rabin ƙarshe kashi na biyu, dabarar zamanin kaset da faifan CD ce ta sayar da kwafi biyu. Kowane kashi ya zo da farkonsa da ƙarshensa.

Sauti na bari a ƙarshe domin shi ne aikina na kullum. Kuɗi na shigowa sai a cika fim da kiɗan tsoro da aka sauke daga intanet, daga farko har ƙarshe, kunne ya saba, ya daina jin komai. Nisanta janareta daga wurin ɗauka. Kafin ku tashi daga lokeshan, kowa ya yi tsit a naɗi minti biyu na shirun wurin: gyare, kukan kare daga nesa, iska a jikin langa-langa. Da wannan shirun edita yake ɗinke fitowa da fitowa, kuma a cikinsa ƙaramin motsi yake zama babba.

Haka muka yi da yaron nan mai aljanar rijiya. Ya yarda, da ƙyar, muka cire duk inda fuskarta ta fito in ban da wuri ɗaya. Muka zare kiɗan daga fitowar da amarya take kwance ita kaɗai, muka bar gyare. Ya koma ya ɗauko mini ƙarar guga yana karo da bango, muka sa ta can ƙasa-ƙasa, sau biyu, sannan shiru. A karo na uku sai muka matso da ƙarar, ta fito daga cikin ɗakin, daga wajen randar da ke bayan ƙofa.