Yadda Ake Dasa Murtsunguwar Bakin Teku ta Kalifoniya

Murtsunguwar da masana tsirrai suke kira Opuntia littoralis tana tsirowa a gaɓar tekun kudancin Kalifoniya ta Amurka da yankin Baja Kalifoniya na ƙasar Meziko, inda take bazuwa a ƙasa, tsayinta kuma bai cika wuce mita 1 ba.

Mai son dasa ta zai sa safar hannu mai kauri, ya riƙe faffaɗan reshe guda da awartaki, sannan ya yanke shi daidai mahaɗarsa da wuƙa mai tsabta. Dogayen ƙayoyin ba su ne abin tsoro ba. Ƙananan nan masu kama da gashi su ne suke shigewa fata, su yi wuyar cirewa.

A ajiye reshen a inuwa na mako 1 zuwa 2 har bakin yankan ya bushe, domin wanda aka dasa da ɗanyen rauni yakan ruɓe. Daga nan a binne kusan sulusinsa a tsaye cikin ƙasa mai yashi wadda ba ta riƙe ruwa, a wurin da rana take bugawa sosai. Kada a yi ban ruwa sai bayan wasu makonni, lokacin da saiwa ta fara kamawa.