Yadda za ka gane shanyewar barin jiki, da abin da za ka yi nan take

Jama'a, shanyewar barin jiki daga kwakwalwa take farawa, hannu da kafa daga baya suke nunawa. Jini ne yake daina isa wani sashe na kwakwalwar, cikin 'yan mintoci kwayoyin wurin sun fara mutuwa. Ko dai gudan jini ya toshe jijiya, wannan ita ce ta fi yawa, kusan kashi 85 cikin 100, ko kuma jijiyar ta fashe jini ya zuba a ciki. Akwai wata karama da take zuwa ta wuce cikin mintoci, mutum ya ga ya warware ya ce ai gajiya ce kawai, to ni wannan ta fi daga min hankali domin gargadi ce, babbar tana iya biyowa cikin kwana daya ko biyu.

Hawan jini ne kan gaba wajen jawo ta, kuma ba ya ciwo balle ka ji shi, sai dai ka auna. In awonka yana kai 140/90 ko sama ka ga likita, wanda aka dora kan magani kuma dan Allah kar ya daina sha don ya ji garau. Sai ciwon suga, sigari, kitse a jini, bugun zuciya marar tsari, da sikila wadda har yara take kadawa.

To in wani ya canza maka farat daya, ka ce ya yi murmushi ka duba ko baki ya karkace gefe. Ka ce ya daga hannu biyu sama, in daya yana zamewa kasa akwai matsala. Ka sa shi ya maimaita 'yar gajeriyar magana ka ji ko harshe ya yi nauyi ko ya kasa fahimtarka. Daya kadai ya isa, ba sai sun cika uku ba. Haka ma in gani ya dauke, ko jiri da tangadi, ko ciwon kai mai tsananin da bai taba jin irinsa ba.

Ka duba agogo ka rike lokacin da abin ya fara, a kai shi asibiti nan take, domin allurar da take narkar da gudan jinin galibi cikin awa 4 da rabi ake yin ta. In da shanyewar ya tashi daga barci, lokacin da aka gan shi lafiya na karshe za ka fada wa likita.

Kar a ba shi ruwa ko abinci, hadiya tana iya lalacewa ya kware abin ya tafi huhu. Kar a ba shi asfirin kuma, in jijiya ce ta fashe kara zubar jinin zai yi, sai an dauki hoton kwakwalwa ake sanin wace iri ce. In yana amai ko hankalinsa ya gushe a kwantar da shi ta gefe har a isa.