Ruwan Tankin Kifi Ya Koma Ruwan Bunu: Kurakuran da Aka Fi Yi da Icce

Mutum ya kashe kuɗinsa ya sayo busasshiyar saiwa mai rassa, ya kafa ta a tsakiyar tankin gilashi, ya kwanta ya bar ruwa garai-garai. Bayan kwana biyu sai ya tarar ruwan ya yi ja kamar shayin da ba madara. Daga nan hankali ke tashi, kuma daga nan ake fara ɓarna, domin galibin kifin da ke mutuwa a irin wannan lokaci gyaran mai tanki ne ke kashe su.

Ni ma na yi. Saiwar wani icce mai suna mopani ce na saka ba tare da na jiƙa ta ba. Da na ga launin sai na kwashe kifin a bokiti, na zubar da ruwan tas, na wanke tsakuwa, na matse soson matata a ƙarƙashin famfo har ya yi fes. Mako bai cika ba na tsame gawa huɗu, kuma ruwan ya sake rinewa kamar ban taɓa shi ba. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, a cikin wannan soson mai kama da datti ake samun ƙwayoyin bakteriya da ke mayar da amoniyar kashin kifi zuwa abin da bai kai ta guba ba. Kulorin na ruwan famfo ya kashe su, amoniya ta taru, kifi suka sha. Soson matata da ruwan da aka ɗebo daga tankin ake ɗauraye shi, sama-sama. Ruwa kuwa a riƙa canza kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari a mako, a kuma kashe kulorin ɗin sabon ruwan kafin a zuba.

Shi launin ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Sinadarin tanin ne ke tsatsowa daga jikin iccen, dangin wanda ke cikin bagaruwar da majema a Kano da Sakkwato ke jeme fata da ita, kuma shi ne ke sa shayi ya yi bauri idan ya daɗe a wuta. A Brazil akwai kogin Riyo Negro, wanda ganyaye da itatuwan daji suka rina shi har ya yi baƙi, ma'aunin pH ɗinsa ma, wato awon tsamin ruwa wanda lambarsa ke raguwa idan tsami ya ƙaru, yakan sauka ƙasa da 5. A can kifin kadinal tetra ke rayuwa. Irin su, da diskus, da beta, ruwa mai ɗan launi yana kwantar musu da hankali, jikinsu ma ya fi fito da kala. In waɗannan ne a tankinka kuma launin bai dame ka ba, ka ƙyale shi kawai.

Inda ake tuntuɓe shi ne ɗaukar duk kifi ɗaya. Kifin sikilid na tafkin Malawi da na Tanganyika sun saba da ruwa mai ma'adinai da yawa, mai pH wajen 8 ko sama da haka. Tanin yana jan pH ƙasa a hankali. Idan ruwanka na rijiya ko burtsatse ne mai yawan ma'adinai, wanda ke barin farin tabo a butar shayi, da wuya icce ya motsa shi. Amma mai amfani da ruwan sama ko ruwan da aka tace ƙwarai, nasa ba shi da abin da zai tare saukar, sai a auna KH, wato yawan ma'adinan da ke tare saukar pH, da shi kansa pH ɗin kafin a saka iccen, a sake aunawa bayan 'yan kwanaki. Kayan awon ba su kai kuɗin kifin da za a rasa ba.

Wani kuskuren kuma, a ɗora wa icce laifin kowane launi. Tsaya gefen tankin ka duba. Ruwan tanin yana da launi amma kana hango bayan tankin sarai, kuma ba ya wari. Idan ya yi fari-fari kamar an ɗiga madara, bakteriya ce ta yi yawa, abin da aka saba gani a sabon tanki. Idan kore ne, gansakuka ce, wataƙila rana na dukan gilashin ta taga. In kuwa rawaya ne mai ƙarni, abinci kake zubawa fiye da kima. Warin ruɓaɓɓen ƙwai shi ne wanda ba a wasa da shi: fito da iccen, danna shi da farce, in ya lotsa ya ruɓe, a jefar.

Duk wannan wahala da an rage ta tun a tukunya. A goge iccen da burushi mai tauri da ruwa zalla. Ban da sabulu, ban da omo, ban da ruwan bilic, domin icce yana shanye su ya riƙa sakinsu a hankali cikin tankin. Sai a tafasa shi awa ɗaya zuwa biyu, a zubar da jan ruwan, a maimaita. Shawara ta 'yan'uwantaka: kada ka ɗauki tukunyar miyar gidan, tabon ba ya fita da daɗi, kuma za ka sha magana. Wanda ya fi ƙarfin tukunya a jiƙa shi a rabin duro na roba mako ɗaya ko biyu, ana sauya ruwan kullum ko bayan kwana biyu. Mopani, wanda ake kawowa daga kudancin Afirka, da iccen Malesiya, suna iya yin watanni suna zubar da launi ko bayan an tafasa su. Manzanita ta Kalifoniya ba ta cika rini ba. Jiƙon yana kuma sa icce ya nutse. Wanda ya ƙi, a ɗaure shi da dutse da zaren fatsa har ya sha ruwa.

Masu son araha sukan tsinto icce a daji ko bakin rafi. Ana iya dacewa, amma ɗanyen icce bai shiga tanki, haka mai ƙaro, haka mai farin ruwa irin tinya. Darbejiya ma a bar ta, tunda da ita ake haɗa maganin ƙwari. Mafi haɗari shi ne guntun katakon gini da aka shafa wa maganin gara ko fenti, wannan tafasa ba ta wanke shi. Wanda aka tsinto a bakin teku kuma gishiri ne cike da shi, sai ya sha dogon jiƙo.

Idan launin ya riga ya shiga kuma kana son ruwa garau, gawayin matata da ake sayarwa a shagon kayan kifi shi ke tsotse tanin. Kada ka daka gawayin girki ka zuba, ba aikinsu ɗaya ba. A ɗauraye ƙurarsa, a sa a jaka cikin matata, a sauya bayan mako uku zuwa huɗu, domin in ya ƙoshi ya daina aiki. A cire shi duk lokacin da ake yi wa kifi magani, in ba haka ba shi zai shanye maganin.

Sai farin yauƙin nan mai kama da auduga da ke lulluɓe sabon icce a makon farko, musamman saiwa mai siraran rassa. Mutane da yawa sun jefar da icce mai tsada saboda shi. Ƙwayoyin halitta ne ke cin ɗan sukarin da ya rage a iccen, ba sa taɓa kifi, kuma cikin 'yan makonni suke ɓacewa. Dodon koɗi da jatan lande na tanki ma kiwonsa suke yi. In ya tsone maka ido, ka zuƙe shi da tiyo ranar canjin ruwa.