Baƙon Ikko da kallon dambe: daga gidan dambe zuwa Surulere

Ɗan'uwa, sannu da zuwa Ikko. In kai mai son dambe ne, ba za ka yi kewar gida sosai ba. Mutanenmu na Agege da Alaba Rago da Mile 12 da Idi-Araba ba su bar al'adar a Arewa ba, kuma kana tambayar mahautan unguwarku za su faɗa maka gidan damben da ke ci a yanzu. Can dai yadda ka saba ne: ka biya a ƙofa, ka ji kalangu, a sa zare, Kudu ta kara da Arewa, Jamus ta kara da Guramada, turmi uku ko a yi kisa ko a tashi babu kisa. Wannan ba sai an koya maka ba.

Damben zamani, wato na safar hannu, shi ne ke rikita baƙo. Cibiyarsa Surulere ce. Nan babban filin wasa na ƙasa yake, wanda aka gina a 1972, ga kuma filin Teslim Balogun a tsallaken titi, kowannensu da zauren wasanni na cikin gida. A waɗannan zaurukan aka sha yin GOtv Boxing Night, wato jerin daren damben zamani da aka fara a 2014. Wani lokaci akan kai manyan wasanni dandalin Tafawa Balewa ko manyan ɗakunan taro na Victoria Island, inda kuɗin shiga ke tashi nesa ba kusa ba. Mutanen garin nan suna ji da harkar, kuma suna da dalili. A Ikko aka haifi Israel Adesanya, wanda ya ɗauki kambin UFC (gasar faɗan da ke haɗa dambe da kokawa) a 2019, asalin shahararren ɗan dambe Anthony Joshua kuma Sagamu ce, nan kusa a jihar Ogun.

Abin da ya fi damuna shi ne tikiti, don a nan ake cutar mutanenmu. A gida ka san mai ƙofa, ya san ka. A nan takarda ce ko lamba a waya, kuma ba ruwan mai duba ta da rantsuwarka. Yawanci masu shirya wasa kan sa adireshin sayen tikiti a jikin tallarsu. Ka bi wannan adireshin kaɗai, ka biya da katin banki, a turo maka tikiti mai ɗauke da wata alama mai murabba'i da ake haskawa a ƙofa. Alamar nan sau ɗaya take aiki. Shi ya sa macuci kan ɗauki hoton tikiti guda ya sayar wa mutum biyar a WhatsApp, wanda ya riga zuwa ya shige, sauran huɗun su tsaya suna cacar baki da masu gadi. Ni kaina an taɓa yi mini haka a shekarata ta farko. Wani ya tare ni kusa da ƙofa, ya ji Hausa a bakina, ya ce "aboki, ga mai sauƙi". Na biya, aka haska, na'ura ta ƙi. Kafin in waiwaya ya ɓace, kuɗin da na tara na mako guda suka tafi. Har yau abin yana yi mini ciwo.

Don haka kar ka tura kuɗi asusun wani mutum da sunan tikiti, kar kuma ka sa hoton naka a Facebook don nuna wa abokai kafin ka shiga. In a ƙofa ake sayarwa, ka nemi teburin masu wasan da kanka, ka bar 'yan baranda da ke kai-komo a bakin titi. Ka riƙe tsabar kuɗi kaɗan, don na'urar POS kan ƙi aiki in jama'a ta yi yawa. Tikiti hawa-hawa ne, akwai na gama-gari, akwai na manya, akwai tebur na masu hannu da shuni. A zauren Surulere na gama-garin ya ishe ka ganin komai.

Da ka zauna za ka ga bambanci. Turmi minti 3 ne, hutu minti 1, kuma wasa kan kai turmi 4 ko 6 ko 8, na kambi har 12. Faɗuwa ba kisa ba ce, alƙali zai ƙirga zuwa goma, in mutum ya tashi a ci gaba. In ba wanda ya kwanta, alƙalai uku na gefe su ke yanke hukunci da maki. Ƙananan 'yan wasa ake fara sawa, babban wasan sai dare ya yi nisa.

Ga samarinmu masu ƙarfin hannu da ke sha'awar shiga da kansu, akwai hukumar kula da dambe ta Nijeriya da ke ba da lasisi, wato NBBofC, kuma sai likita ya duba ka. Duk wanda ya miƙo maka takardar yarjejeniya, ka kai wa mai ilimi da ka yarda da shi ya karanta maka kafin ka sa hannu.

Sai maganar komawa gida, wadda ya kamata ka gama da ita tun kafin ka sayi tikitin. Tun 2022 gwamnatin jiha ta hana acaba a wasu ƙananan hukumomi, ciki har da Surulere, kuma babban bas ɗin haya na BRT da katin biyan kuɗi na Cowry ake shigarsa, ba ya kuma kaiwa tsakar dare yana jiran kowa. Daga Ojuelegba da ke Surulere zuwa Agege da ƙarfe sha ɗaya na dare ba tafiyar mutum ɗaya ba ce. Ku haɗu ku uku ko huɗu, ku yi karo-karo ku ɗauki mota ta waya, ko ka nemi ɗan'uwa a Idi-Araba, tunda kusa take, ka kwana wurinsa. Ka yi cajin wayarka ta cika, don tikitin da motar duk a cikinta suke, sannan ka yi alwala tun daga gida, Magariba da Isha'i a can za su same ka.